Silin Gidan Ƙusa

Kafinta ba ya shiga ɗaki kamar sauran mutane. Kowa in ya yi sallama fuskar mai gida yake dubawa, shi kuwa sama yake ɗaga kai. Ko gaisuwar rasuwa ya je, kafin ya ce Allah ya jiƙan rai ya riga ya gano inda silin ya lotsa da inda aka yi rowar ƙusa. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce wata rana sai ya faɗa rami yana kallon rufin mutane, ya ce in dai ramin yana da rufi mai kyau, ba laifi.

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a wannan sana'a. Ya fara da ƙofofi da bencina a shagon wani, ya koma rufin gidaje, daga nan hannunsa ya zauna a kan silin katako, irin wanda ake jera falankai ɗaya na shiga bakin ɗan'uwansa har ba ka ganin mahaɗa. A lokacin da yake tashe, sai ka yi wata biyu kana bin sa kafin ya zo ya auna maka ɗaki. Sannan duniya ta juya. Aka shigo da silin roba, masu hali kuma suka koma zuba dekin kankare har a hawa na ƙarshe. Kafinta ya koma gyaran kujeru da kafa katakon da ake zuba kankare a kai. Wannan aikin na biyu ya tsane shi, wallahi ya tsane shi, domin aiki ne da za ka zage ka yi, bayan mako huɗu a kira ka ka zo ka ɓamɓare abinka da hannunka.

Ɗansa namiji ɗaya ne a tsakiyar mata huɗu. Yana yaro siriri ne mai ƙaton kai, abokan aikin uban suka sa masa Ƙusa, sunan kuma ya bi shi har ɗakin ba da magani na asibitin da yake aiki yanzu. A shago ya tashi, cikin garin katako, shagon kuwa yana da doka: duk wanda ya shigo, Oga zai ce. Ranar da yaron ya ce "Baba" a gaban wani mai ba da aiki, Kafinta ya daka masa tsawa, ya ce nan ba gida ba ne. Yaro ya ji magana, har ya ji ta fiye da yadda aka so. Ya ɗauki Oga ya kai gida, ya ci abinci da shi, ya girma da shi a baki. Kafinta bai taɓa damuwa ba. Har alfahari yake yi cewa nasa ɗan ya san girman sana'a.

Sai da Ƙusa ya auri 'yar Magini.

Magini ƙato ne, baƙi, mai dariya tun daga ciki, in ya ba ka hannu sai ka ji kamar bulo ka kama. Yana tambayar lafiyar kowa kuma yana tsayawa ya ji amsa. Ka bincika shi sama da ƙasa ba za ka samu abin zargi ba, abin da ya fi ƙona wa Kafinta rai ke nan. Wata ranar hutu ana cin abinci a gidan hayar Ƙusa, iyayen biyu suna zaune, Ƙusa ya ɗauko gorar ruwa ya ce, "Baba, a ƙara maka?" Kafinta ya yi maza ya miƙa kofinsa. Ruwan kuwa ya wuce shi ya zuba a kofin Magini. Hannunsa ya tsaya a iska, sai ya wayance yana duba gindin kofin kamar ya ga datti.

Da suka koma gida ya gaya wa matarsa, yana yi yana tsaki.

Ta ce, "To, me zai kira surukinsa? Kai ma ai matarsa Baba take ce maka."

"Wannan na ladabi ne."

"Nasa ma na ladabin ne."

"Ba ki ji yadda ya faɗe shi ba ne," in ji Kafinta. "Har da wani lanƙwasa murya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsofai-tsofai da shi yana kishi da suruki. Ya ce Allah ya kiyaye, shi me zai yi wa kishi a wurin mai kwaɓa siminti? Kishin kuwa shi ne, ba wani abu ba, kuma daga ranar ya samu wurin zama.

Akwai abin da ko matar ba ta sani ba. A saman shagonsa, ƙarƙashin kwano, akwai falankan maɗaci guda ɗari da goma. Ranar da Ƙusa ya samu aikin asibiti ya fara tara su, biyu yau, uku wani watan, duk wanda ya ga jijiyarsa ta yi kyau sai ya ware shi. Ya jera su da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, yana juya su duk bayan damina, yana shafa musu maganin gara. Shekara goma sha biyu ke nan. An sha taya su, har wani mai otal ya yi masa sintiri, ya ce ba na sayarwa ba ne. Nufinsa ɗaya: ranar da ɗansa ya gina gida, duk sa'ad da ya kwanta ya ɗaga ido, aikin ubansa zai gani.

Da Ƙusa ya samu fili ya tashi gina bene hawa ɗaya, wa za a kira? Magini mana. Shi ya ja igiya, shi ya sa aka haƙa tushe har ƙirjin mutum, shi ke shiga motar Ƙusa su tafi zaɓen tsakuwa suna hira. Kafinta aka ba shi abin da aka saba ba shi. Ya ɗaure akwatunan ginshiƙai goma sha huɗu, ya shimfiɗa katakon dekin ƙasa, ya tokare shi da gora. Yana aikin yana ƙirga rodin Magini don neman inda ya yi ha'inci, bai samu ba. Rodi shida a kowane ginshiƙi, kowanne kaurin babban yatsa. Ya ce a ransa, ji ɓarna, gidan mutum biyar sai ka ce asibiti zai gina, duk don a ce masa gwani. Bayan mako huɗu ya zo ya ɓamɓare katakonsa, leburori suka tara shi a bayan gida, aikin Magini ya tsaya fes kowa na yabawa.

Bangon sama ya kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi, sai maganar da yake jira ta taso: da me za a rufe hawan ƙarshe, dekin ko katako?

Matar Ƙusa dekin take so. Ta ce za ta samu wurin shanya, a ɗora tankin ruwa, kuma ta huta da ɓerayen da ke tsere a silin gidan haya. Ƙusa ma can ya karkata. Yana maganar gobara, yana maganar gara, yana cewa wata rana in yara sun girma sai a ƙara hawa ɗaya ba tare da an kwance rufi ba. Kafinta ya ji waɗannan dalilai ya ce ai ya san bakin da suka fito. Magini dai bai ce komai ba a gabansa, amma shirun ma a wurin Kafinta makirci ne.

Wata uku ya yi yana bin ɗansa. Ya same shi a gida, ya tare shi a bakin asibiti lokacin tashi. Ya ce kankare rana yake sha tun safe, da yamma ya amayar maka da ita a ka, fanka sai dai ta juya zafin. Ya ce in dekin ya tsage ya fara yoyo, har ka mutu kana liƙe. Katako kuwa in ka ɗora kwano ka bar iska a tsakani, ɗaki sai ka ce gindin bishiya, in waya ta lalace ka ɗaga falanki ɗaya ka gyara. Gara? Gara ba ta cin katakon da ya bushe a hannun wanda ya san shi. Duk gaskiya ya faɗa, ba a raba shi da sanin aikinsa. Ƙusa ya saurara hannu a baya, kai a sunkuye, ya ce, "To, Oga, za mu duba." Kullum za mu duba. Kafinta ya so ya tambaye shi, ku da wa? Sai ya haɗiye, don ya san amsar.

Da ya ga magana ba ta ci, ya ce bari ido ya gani. Akwai gidan wani tsohon likita da ya yi wa silin falo shekara talatin da suka wuce, aikin da har yau in yana ba da labarin kansa da shi yake farawa. Ya sa Ƙusa ya ɗauke shi a mota. A hanya yana ta bayani, yadda ya jera falankan suka haɗu a tsakiya kamar ƙashin kifi, yadda likitan ya kwanta a ƙasa don ya kalla da kyau. Suka tarar gidan ya zama ofis. Mai gadi ya buɗe musu falon, Kafinta ya ɗaga kai. Farar roba ce ƙal daga bango zuwa bango, da 'yan fitilu shuɗaye a gefe.

"Tsohon silin yana ciki," in ji mai gadi. "Rufe shi aka yi. Wai yana sa wa ɗaki duhu."

Ƙusa ya ce, "Amma ka ga, Oga, bai rushe ba. Har yanzu shi ke riƙe da robar."

Don ya sanyaya masa rai ya faɗa, Kafinta kuwa ji ya yi gara a mare shi.

Bayan mako guda Ƙusa ya ce su haɗu a ginin a yanke magana. Kafinta ya sa rigarsa ta fita kunya, ya tsara abin da zai faɗa, ya maimaita wa matarsa sau biyu har ta ce ya ƙyale ta ta yi wanke-wanke. Ya yi niyyar in ta kama, a gaban Magini zai tona maganar falankan saman shago, kowa ya ji kunya. Suka hau sama, bango huɗu ba rufi, rana na dukan kowa. Magini na zaune a kan bulo yana fifita da hula. Kafinta ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki Ƙusa ya riga shi.

"Oga, katako za a yi. Kai za ka yi mana rufin da silin gaba ɗaya."

Kai, zo ka ga mutum! Jawabin da aka yi mako ana tsarawa ya bi iska, bai ko nemi shi ba. Ya ce, "Madalla," da murya ƙasa-ƙasa kamar abin bai dame shi ba. Ashe yaron yana ji. Ashe duk za mu duban nan, maganar ubansa ce ke nutsewa a hankali. Magini ya tafa ya ce an yi daidai. Kafinta ya dube shi, karo na farko ya ji tausayinsa. Har ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ƙasa taka ce, ka bar mana sama." Da suka sauko shi ya saya wa kowa lemo mai sanyi, wanda ya san Kafinta kuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya kira tsofaffin abokan aikinsa biyu, suka ɗaura rufi suka buga kwano cikin kwana tara. Sannan aka sauko da falankan. Da aka goge na farko jan maɗacin ya fito, Ƙusa ya shafa shi ya ce, "Oga, ina ka samo irin wannan?" Ya ce, "A nan kusa." Ya ajiye labarin sai an gama. Yana so ya faɗe shi suna tsaye su biyu a ƙarƙashin silin, ba kowa, ya ga abin da fuskar ɗansa za ta yi.

Ya koma kamar ɗan shekara talatin. Da sassafe yana kan dandamali, fensir a kunne, ƙusoshi a baki, yana wa abokansa faɗa a kan tazarar da ko farce ba zai shiga ba. Ciwon bayan da ya shekara biyar yana kuka da shi ya manta da shi. Ɗakunan yara suka ƙare, aka shiga babban ɗakin mai gida, inda ya ware wa falankan da suka fi kyau.

An kai rabin ɗakin ke nan, ranar Laraba da azahar, matar Ƙusa ta hawo da kular abinci. Abokan aikin sun sauka wanke hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Baba, gaskiya abin ya yi kyau. Ni da nake ta nacin dekin, yanzu kunya nake ji."

"Ai yaro sai ya gani," in ji Kafinta, yana murmushi.

"Allah ma ya taimake mu mahaifina ya yi magana da wuri. Da mun zuba, da yanzu wani labarin ake yi."

Kafinta ya cire ƙusoshin daga bakinsa. "Wace magana?"

"Au, ba su gaya muku ba? Ana gobe za ku haɗu a nan ya kira maigidana a waya. Ya ce ya sake lissafi, ginshiƙan ba za su ɗauki dekin na biyu ba, a yi katako kawai. Ko minti biyu ba su yi ba, maigidana ya ce shi ke nan, yadda ka ce haka za a yi. Har siminti an yi magana da mai kawowa, ya fasa." Ta ajiye kular. "Amma Baba, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Gidan dai ba zai ba mu matsala ba ko?"

Ya ce ba komai, ta je abinta. Ta sauka.

Ya zauna a bakin dandamalin, ƙafafu na lilo. Wata uku yana bin yaron nan kamar mai neman aiki, da dalilai, da tafiya gidan likita, da zubar da girma a bakin asibiti, bai motsa shi ko taku ɗaya ba. Wancan ya ɗaga waya minti biyu, magana ta ƙare. Wannan kaɗai ya isa ya hana shi cin abincin. Amma akwai wanda ya fi shi ciwo, kuma duk duniya shi kaɗai zai iya ganinsa. Shi ya ɗaure akwatunan ginshiƙan nan. Shi ya ƙirga rodin da yatsansa, ya ga zurfin tushen. Ginshiƙan nan za su ɗauki dekin, su ɗauki wani hawan a kansa, ko gezau ba za su yi ba. Magini ya fi kowa sani. Ƙarya ya yi, ya ɓata sunan aikinsa da bakinsa, don a ba tsohon kafinta abin yi. Sadaka aka ba shi ke nan, shi kuma ya karɓa har da dafa kafaɗa da sayen lemo.

Ya tuna tafin da Magini ya yi. Wa ya roƙe shi? Wa ya ce masa yana neman taimako a kan ɗan da ya haifa? Abokan aikin suka dawo suka same shi yana goge falankin da ya riga ya goge, suka tambaya ko lafiya, ya ce su ci abincin, shi ba ya jin yunwa.

Kafin la'asar ya yanke shawara. Yaron nan ya ɗauki surukinsa kamar wanda ba ya kuskure, ba ya ƙarya. To, yau zai ji. Mutumin da zai dubi idonka ya yi maka ƙarya a kan gidan da 'ya'yanka za su kwana, ya sa matarka cikin fargaba, ya hana ka abin da kake so, wannan ne abin yarda? Ya juya maganar a ransa har ta yi kama da gaskiya tsantsa, har ya fara jin kamar don matar Ƙusa zai faɗa.

Ƙusa ya biyo daga asibiti da rigar aiki a kafaɗa. Abokan aikin sun tafi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon rabin silin, ya ce, "Sannu da aiki, Oga."

Kafinta bai sauko ba. Daga sama ya yi magana.

"An ce maka ginshiƙai ba za su ɗauki dekin ba."

Ƙusa ya ɗan sosa kai. "Haka ne. Ban so in tayar maka da hankali ba ne."

"Ƙarya ne. Ni na ɗaure su, na san abin da ke cikinsu. Za su ɗauki dekin, su ɗauki wani benen. Surukinka ya sani sarai. Ƙarya ya yi maka."

Ya faɗa, ya zuba ido yana jiran ɓacin rai. Ƙusa ya dubi bango, ya dubi falankan, ya dubi ubansa a kan dandamali da fensir a kunne. Kafinta yana kallo fahimta ta sauka a fuskar ɗansa, a hankali, fuskar ta yi laushi, idanun suka kawo ruwa. Irin kallon da ya shekara goma sha biyu yana tara katako don ya gani ke nan, sak, ba abin da ya rage.

"Allah sarki," in ji Ƙusa. "Wato aikinsa ya kushe don kai ka samu... Kai, wannan mutum! Ina ake samun irinsa?"

Bai tambayi ubansa yadda ya ji ba. Bai tambayi abin da Magini ya hango a fuskar tsohon har ya yi abin da ya yi ba. Hannunsa na cikin aljihu yana laluben waya, kafin ya kai matattakala ya riga ya kira. Kafinta yana jin muryarsa tana sauka hawa-hawa, yana jin dariyar Magini tana fitowa daga cikin wayar, su biyu suna ta musu, wannan na cewa ba haka ba ne, wancan na cewa an kama ka. Suka daɗe. Ya ɗebi ƙusoshi ya mayar baki, ya jawo falanki na gaba ya saita bakinsa a na ɗan'uwansa.

Can Ƙusa ya ɗaga murya daga ƙasa. "Oga! Ya ce a gaishe ka da aiki!"

"Ina amsawa," in ji Kafinta ta cikin ƙusoshin, ya ɗaga guduma.